Me Ya Sa Ake Rage Wa Mai Ciwon Huhu Oksijin Alhali Yana Haki?

"Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Mahaifiyarmu shekarunta 67, ta fi shekara 40 tana tuyar ƙosai da waina a murhun itace, ba ta taɓa shan taba ba. Shekara uku ke nan aka ce tana da ciwon huhu da ake kira COPD. Da hunturun da ya wuce ciwon ya tashi, muka kwana tara a asibiti. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, tana haki kamar ranta zai fita, amma nas ta zo ta rage oksijin, wai lambar da ke nuna awon oksijin a jininta ta hau 98. Tana fita yayanmu ya murɗa ya mayar da shi sama. Cikin dare Inna ta yi ta barci, a tashe ta ta koma, sai da aka ɗaura mata wani takunkumi mai inji, aka ce idan bai yi ba sai an zura mata roba a maƙogwaro. Allah Ya sa ta farfaɗo. Don Allah mene ne bambancin waɗannan abubuwa, kuma me ya sa ake rage wa mai haki iska? Yanzu 'yan'uwa sun haɗa kuɗi za a sayo tukunyar oksijin a ajiye a gida, ya dace?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa Inna lafiya, Ya sa kaffara ne, ku kuma Ya ba ku ladan jinya. Idan na fahimce ki, kina son sanin dalilin da ya sa nas ta rage oksijin, da abin da ya raba robar hanci da takunkumi mai inji da robar maƙogwaro, sai kuma maganar tukunyar da za a saya. Kafin in shiga, ki gaya wa yayanku kada ya ɗora wa kansa laifi. Duk ɗan da ya ga mahaifiyarsa tana kokawa da numfashi, ga abin murɗawa a gabansa, hannunsa zai kai. Na sha ganin haka, kuma sau da yawa gazawar daga gare mu ne ma'aikata, da muke rage abu mu juya mu tafi ba tare da mun tsaya mun yi bayani ba. Amma nas ɗin nan tana kan daidai, kuma barcin da Inna ta yi, akwai yiwuwar ƙarin oksijin ɗin yana da hannu a ciki.

Abin da ya lalace a huhun

Numfashi aiki biyu ne a haɗe. Akwai shigar da oksijin cikin jini, wanda kowa ya sani. Akwai kuma fitar da gurɓatacciyar iskar da jiki yake samarwa dare da rana, wadda ake kira kabon-dayoksaid. Zan riƙa ce mata iskar kabon don sauƙi. Duk amsar tambayarki a kan wannan aiki na biyu take, wanda ba a cika tunawa da shi ba.

Huhu mai lafiya yana da danƙo. Ka shaƙi iska ya buɗe, ka saki ya koma da kansa. A ciwon Inna, hayaƙin shekara da shekaru ya kumbura ƙananan hanyoyin iska, ya cika su da kaki, sannan ya kashe danƙon nan kamar yadda robar wando take mutuwa. Iska tana shiga, amma ba ta gama fita. Ki gwada da kanki: ki cika ƙirjinki da iska, ki saki 'yar kaɗan, sannan ki yi ƙoƙarin ci gaba da numfashi a kan wadda ta rage. Ba za ki yi minti ɗaya ba za ki ji wuyanki da kafaɗunki sun gaji. Haka Inna take wuni ko a ranar da take jin daɗin jikinta.

A Turai taba ce kan gaba wajen kawo wannan ciwo. A wurinmu, ban da taba, akwai hayaƙin itace da kara da gawayi da kashin shanu a madafi marar taga, da tabon da tarin tibi yake bari ko bayan an warke. Shi ya sa muke ganin iyaye mata da ba su taɓa riƙe karan sigari ba suna fama da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 ya kashe mutum miliyan 3.23. Yakan tashi ne idan mura ko wata ƙwayar cuta ta shiga ƙirji, ko lokacin hunturu da ƙurar Sahara, wadda kaso mai yawa nata daga kwarin Bodele na arewacin Chadi take tasowa, ta lulluɓe gari. Ga sanyi ya sa an rufe ƙofa da taga an shigo da kaskon wuta ɗaki.

Idan ya tashi, hanyoyin suna ƙara tsukewa. Mara lafiya ya hau numfashi da sauri, saurin kuma ya rage masa lokacin fitar da iska, sai wadda ta maƙale ta ƙaru. Tsokokin numfashi su yi ta aiki kamar mai zuga wa maƙeri wuta da zuga-zugin da bakinsa ya toshe. Idan suka gaji, iskar kabon ta taru a jini, jinin ya yi tsami, ƙwaƙwalwa ta fara dusashewa. Wannan ne barcin da kika gani.

Oksijin magani ne, kuma yana da awo

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin 100 ne oksijin. Idan aka ƙara wa mai wannan ciwo fiye da kima, abubuwa uku ke faruwa, kuma na farkon ya fi sauran nauyi. Allah Ya yi wa huhu wata dabara: duk sashen da iska ba ta shiga sosai, jijiyoyin jinin wurin sukan tsuke, su tura jinin zuwa sashen da ke aiki. Kamar mai noman rani ne da yake toshe hanyar ruwa zuwa fangalin da ya mutu don ruwan ya tafi inda shuka take. Oksijin mai yawa yana buɗe waɗannan jijiyoyi, jini ya koma bi ta sassan da ba sa iya fitar da iska, ya wuce da kabon ɗinsa bai sauke ba. Na biyu, jajayen ƙwayoyin jini idan suka cika maƙil da oksijin sukan saki kabon ɗin da suke ɗauke da shi ya zube cikin jini. Na uku, ƙwaƙwalwa takan ɗan sassauta umarnin numfashi.

An gwada wannan a aikace. A tsibirin Tasmaniya na ƙasar Ostireliya an yi bincike a motocin ɗaukar marasa lafiya, aka buga shi a 2010, a kan mutum 405 da ake zaton ciwon nan ne ya tashar musu. An ba wasu oksijin a buɗe, wasu kuma aka auna musu yadda lambar za ta tsaya tsakanin 88 da 92. A cikin waɗanda aka buɗe wa, kashi 9 cikin 100 suka rasu. A cikin waɗanda aka auna wa, kashi 4. Tafiyar mota ce kawai daga gida zuwa asibiti ta kawo wannan bambanci. Shi ya sa ga mai irin ciwon Inna, 88 zuwa 92 muke nema. Lamba 98 a jikinki alheri ce, a jikinta kuwa, idan tana kan oksijin, gargaɗi ce.

Kada wannan ya sa ku ji tsoron oksijin gaba ɗaya. Ƙarancinsa ya fi yawansa saurin kisa. Idan lambar ta faɗi ƙasa da 88 dole a ba ta. Kuma idan aka gano an yi mata yawa, a hankali ake ragewa, ba a cire shi farat ɗaya, don lambar tana iya rikitowa ƙasa da inda ta faro.

Siririyar robar nan mai ƙaho biyu da ake sa wa a hanci, lita 1 zuwa 2 a minti ake farawa da ita, wanda yake ba da kusan kashi 24 zuwa 28. Tana da daɗin sha'ani, mutum ya ci ya sha ya yi magana, sai dai awonta yana canzawa da yanayin numfashinsa. Wanda na fi so a ranar farko shi ne takunkumin Venturi, mai ɗan bututu mai launi a ƙasansa, wanda wani likita mai suna Moran Campbell ya ƙirƙiro a 1960 saboda masu wannan ciwo. A yawancin samfuran, shuɗi kashi 24 ne, fari kashi 28, kuma yana riƙe awonsa ko mutum yana haki. Shi kuwa takunkumi mai jaka a ƙasa, wanda ake buɗe wa lita 10 zuwa 15, na wanda ke bakin mutuwa ne saboda rashin oksijin. Ga mai COPD na 'yan mintuna ne kafin a daidaita, ba na kwana ba.

'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa ma tana da iyakarta. Ba ta ganin iskar kabon ko kaɗan, oksijin kawai take aunawa. Yatsa mai sanyi, jan farce da baƙin lalle suna ruɗa ta. Hayaƙin gawayi ko na janareto yana sa ta nuna lamba mai kyau alhali jini ya sha guba. Kuma wani bincike da aka buga a Amurka a 2020 ya nuna ta fi yi wa baƙar fata ƙarin maki, har ta ɓoye ƙarancin oksijin kusan ninki uku fiye da yadda take yi wa farar fata. Saboda haka ni mara lafiya nake fara kallo, sannan in kalli lamba. Wanda yake 90 idonsa biyu yana amsa gaisuwa ya fi mini kwanciyar hankali a kan wanda yake 98 yana gyangyaɗi. Alamun taruwar kabon su ne barcin da ba na al'ada ba, sambatu, ciwon kai musamman da asuba, da wata fizgar hannu: a ce ya miƙa hannuwansa ya ɗaga tafukan sama kamar mai tsayar da mota, sai ki ga suna faɗuwa suna tashi.

Akwai wani dattijo da ba na mantawa, tsohon direban babbar mota, wanda aka kawo mana da daddare daga wani ƙaramin asibiti da takunkumi mai jaka a fuskarsa, an buɗe shi iyaka. Na'urar yatsa tana nuna 100. Ɗansa ya tare ni da fara'a ya ce, "Likita, alhamdu lillahi, kwana uku bai runtsa ba, sai yanzu ya samu barci." Na kira Baba da ƙarfi bai motsa ba. Na murza ƙashin ƙirjinsa, ya buɗe ido da ƙyar ya mayar. Tafin hannunsa da ɗumi, jijiyarsa tana bugawa da ƙarfi, numfashin sama-sama. Muka sauke shi zuwa farin Venturi, muka jawo inji. Wajen awa biyu da ɗaura masa takunkumin ya kai hannu yana laluben hularsa, ya tambaya ta cikin roba ko an yi kiran asuba. Ɗan ya fita baranda ya yi kuka. Tun daga ranar, duk wanda na rage wa oksijin sai na tsaya na gaya wa mai jinyarsa dalili, in nuna masa lambar da muke nema.

Duk waɗannan na'urori lokaci suke saya wa mara lafiya, magunguna ne ke kwance ƙullin. Ana ba da masu buɗe hanyoyin iska, salbutamol da ipratropium, da prednisolone miligiram 40 kullum na kwana 5, da maganin ƙwayoyin cuta idan kaki ya ƙaru ya koma ɗorawa ko kore. A ɗauki hoton ƙirji don a tabbatar ba nimoniya ba ce, ko huhu ne ya fashe iska ta taru a gefensa, ko ciwon zuciya. Idan tarin ya daɗe a gwada kaki don tibi. Abu ɗaya da za ku sa wa ido: wani lokaci ana haɗa kofin turara magani da tukunyar oksijin a buɗe lita 6 zuwa 8. Ga Inna, injin turarawa mai amfani da iskar ɗaki ya fi, robar hancinta tana nan a awonta. Idan babu sai na tukunya, kada ya wuce minti 6.

Takunkumi mai inji

Abin da aka ɗaura wa Inna, ina kyautata zaton shi ne wanda ma'aikata ke kira BiPAP. Aikinsa daban ne da na oksijin. Shi gajiyayyun tsokoki yake taya aiki. Da zarar mutum ya fara shaƙa, injin ya ji, sai ya turo iska da matsi mai ƙarfi, numfashin ya yi zurfi. Idan ya zo fitarwa, matsin ya sauka amma bai ƙare ba, ya bar ɗan kaɗan da zai tokare ƙananan hanyoyin kada su rufe. Numfashi mai zurfi shi ke kwashe kabon. Ana haɗa masa oksijin ta gefe, shi ma dai a kan 88 zuwa 92.

Ma'aunin da ke nuna lokacinsa ya yi shi ne gwajin jinin da ake ɗiba a jijiyar wuyan hannu mai bugawa. Awon tsamin jinin mai lafiya 7.35 zuwa 7.45 ne, kuma awon sauka yake yi idan tsamin ya ƙaru. Idan bayan kamar awa ɗaya ana magani yana ƙasa da 7.35, kabon kuma ya hau, to a ɗaura inji. Idan ya gangara ƙasa da 7.25 lamarin ya yi tsanani, ana so a yi shi kusa da inda za a iya zura roba. Ba kowane asibiti ke da na'urar wannan gwaji ba, inda take ma wani lokaci kayan aikinta sun ƙare. A irin wannan hali da ido da hannu muke aiki: numfashi ya haura 25 ko 30 a minti, tsokokin wuya suna ja, ciki yana shiga lokacin da ƙirji ke fita, ga gyangyaɗi.

A duk abin da na sani na jinyar wannan ciwo, kaɗan ne suka kai wannan inji ceton rai. A wani bincike na 1995 da aka yi a Turai a kan mutum 85, waɗanda aka ɗaura wa takunkumin kashi 26 cikin 100 ne suka kai ga robar maƙogwaro, waɗanda ba a ɗaura wa ba kashi 74. Mutuwa kuma kashi 9 a kan kashi 29. Wanda ya fi burge ni shi ne na Birtaniya na shekarar 2000, mutum 236 a asibitoci 14, domin a ɗakunan kwanciya na gama-gari aka yi shi, nas-nas da aka koya wa suke kula da injin, kuma mutuwa ta sauka daga kashi 20 zuwa 10. Ma'ana ba sai an gina sashen kulawa ta musamman ba kafin a amfana da shi. Ina da ra'ayin cewa kowane babban asibitin jiha ya kamata ya mallaki ko da guda biyu, da batirin da zai riƙe su idan an ɗauke wuta, da ma'aikatan da suka iya su.

Wahalarsa ita ce minti goma sha biyar na farko. Mutum yana neman iska, ka zo ka rufe masa hanci da baki da roba, dole ya yi kokawa. Wanda ya ɗaure madaurin nan take ya tafi, zai dawo ya tarar an fizge. Yadda nake yi, in zauna a bakin gado, in ɗaga kan gadon, in ba mara lafiya takunkumin ya riƙe da hannunsa, in fara da matsi kaɗan, ina cewa, "Inna, kada ki yi faɗa da shi, ki ja zai biyo ki." Sai ta saba sannan a ɗaure, a riƙa ƙara matsin sannu a hankali. A nan ne ɗa ko 'ya suka fi likita amfani, don muryar da ta sani ta fi kwantar mata da hankali. Iska takan zurare ta gefe ga mai cikar gemu, ko tsohon da haƙoransa suka zube kumatu suka lotsa. Akwai dabarun gyara wannan, kuma ban cika neman a taɓa gemun dattijo ba sai in babu makawa. Karan hanci yakan yi gyambo, don haka a sa ɗan auduga ko filasta tun farko. Ranar farko ana so ta yi yawancin awannin a kai, a riƙa cirewa don shan ruwa, magani da cin abinci, sannan a rage a kwana biyu zuwa uku, na dare ne ake cirewa a ƙarshe.

Ba kowa ake ɗaura wa ba. Mai amai, wanda ya suma gaba ɗaya ba ya iya tari, mai rauni a fuska, ko wanda iska ta taru a gefen huhunsa ba a zuƙe ba, yana iya cutuwa. Kuma awa ɗaya zuwa biyu na farko sukan nuna inda aka dosa: idan numfashi ya lafa, hankali ya fara dawowa, an kama hanya. Idan ba haka ba, ba a zauna ana jira.

Akwai ɗan'uwansa mai matsi ɗaya da ake kira CPAP, wanda ya fi amfani ga masu minsharin da numfashi ke yankewa cikin barci da waɗanda ruwa ya taru musu a huhu saboda zuciya. Ba ya taya mutum jan numfashi kamar mai matsi biyu, don haka kada a sayar muku da shi a matsayin abu ɗaya. Akwai kuma wata na'ura mai turo iska mai ɗumi da laima ta hanci, har lita 60 a minti, wadda aka fi saninta tun zamanin korona. Ta fi takunkumi daɗi, tana ɗan wanke kabon, nakan yi amfani da ita lokacin hutun takunkumi ko ga wanda ya ƙi shi ƙememe. Amma idan jini ya riga ya yi tsami, mai matsi biyu ne na farko.

Robar maƙogwaro

Wannan ce matakin ƙarshe. A sa mutum barci da allura, a zura roba ta baki zuwa maƙogwaro, a haɗa da bentileta, wato babban injin numfashi, ta karɓi numfashin gaba ɗaya. Ana yin haka idan takunkumi ya gaza, ko numfashi ya tsaya, ko mutum ya suma. Sai a sashen kulawa ta musamman, irin na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko na Jami'ar Maiduguri. Gadajen kaɗan ne, kuɗin kuma da nauyi.

Mutane suna ɗauka duk wanda aka sa wa roba ya tafi ke nan. Ba haka ba ne. Da yawa daga masu COPD ana cire musu bayan 'yan kwanaki su koma gida, musamman idan abin da ya tayar da ciwon mai magani ne, kuma kafin nan suna iya hidimar kansu. Haɗarinta dai gaskiya ne: nimoniyar da ake ɗauka a kan inji, raunin tsoka, da wahalar yaye wanda huhunsa ya riga ya ci ƙarfi. Ga tsohon da ya shekara a kwance, ko banɗaki sai an ɗauke shi, robar tana iya zama tsawaita wahala kawai. A irin wannan, tsayawa a kan takunkumi, da ba da magungunan da ke rage azabar haki a hannun likita, shi ma jinya ce cikakkiya. Shawarata, yanzu da Inna take da lafiya, ku zauna da ita da likitanta a ji ra'ayinta. Na san maganar tana da nauyi a bakin 'ya'ya, amma yin ta da rana cikin natsuwa ya fi a tare ku da ita a baranda ƙarfe biyun dare.

Maganar tukunya a gida

Amsata ita ce kada a saya tukuna. Oksijin na gida an yi shi ne don wanda jininsa yake da ƙarancin oksijin kullum, ko ciwon bai tashi ba. Hanyar ganewa ita ce a auna Inna tana zaune tana hutawa, ba oksijin, wata biyu zuwa uku bayan sallama. Idan tana 88 ko ƙasa, kuma an maimaita an samu haka, ta cancanta. Bincike biyu, na Amurka a 1980 da na Birtaniya a 1981, sun nuna irin waɗannan yana ƙara musu tsawon kwana, da sharaɗin a sha shi aƙalla awa 15 kullum. Waɗanda ke tsakanin 89 da 93 kuwa, wani babban bincike na 2016 bai ga ya ƙara musu komai ba. Oksijin ba ya maganin jin haki idan lambar tana da kyau.

Ki yi lissafin da kanki. Lita 2 a minti, awa 15, lita 1,800 ke nan a rana. Babbar tukunyar nan da ta kai ƙirjin mutum tsawo tana ɗaukar kusan lita 6,800, ba za ta cika kwana huɗu ba. A wata kuna bukatar cikawa sau takwas. Ƙaramar da ake ɗauka a hannu, mai kusan lita 680, ko awa shida ba ta kaiwa. Idan ta tabbata tana bukata, injin da ke tace oksijin daga iskar ɗaki ya fi araha a tsawon lokaci, amma sai da tsayayyiyar wuta, sola da batiri masu ƙarfi, da ƙaramar tukunya ta ko-ta-kwana. Janareto kuma a can nesa da taga. Sannan a gidan da ake oksijin, babu kaskon wuta, babu turaren wuta, babu kyandir ko maganin sauro na kunnawa a ɗakin, kuma ba a shafa man baselin a hanci. Na taɓa jinyar wadda robar ta kama da wuta a fuskarta daga garwashin turare.

Abin da na fi tsoro da tukunyar "ko da ciwon zai tashi" shi ne, ranar da ya tashi za a buɗe ta a ɗaki, lambar ta hau, kowa ya samu natsuwa, Inna ta yi barci, a ce a bari sai da safe. Abin da ya faru a asibiti zai maimaita kansa, ba nas ba inji. Akwai masu bukatar injin takunkumi a gida, wato waɗanda kabon ɗinsu bai sauka ba mako biyu zuwa huɗu bayan sun farfaɗo. Wani binciken Birtaniya na 2017 ya nuna yana jinkirta komawarsu asibiti. Tunda Inna ta taɓa kaiwa ga takunkumi, ya dace a sake mata gwajin jinin nan don a gani.

Kuɗin da aka haɗa, da ni ne, ga inda zan kai su. A sayi na'urar yatsa mai kyau. A tabbatar magungunan shaƙarta na kullum ba sa yankewa, a kuma samo mata mazubin da ake haɗawa da inhela. Idan babu, robar ruwa mai rabin lita da aka huda gindinta tana aiki, an gwada ta a kan yara masu asma a Afirka ta Kudu. A raba ta da murhun itace, a koma gas, tuyar kuma wani ya karɓa. A yi mata rigakafin mura da na nimoniya idan ana samu. A ware kuɗin mota da na kati a ajiye. A koya mata fitar da numfashi a hankali ta tsukakken baki kamar mai hura koko, tana zaune ta ɗan sunkuya gaba, gwiwar hannu a kan cinya, fanka ko mafici yana kaɗa mata fuska. Ta riƙa ɗan tattaki kullum a tsakar gida, don zama wuri ɗaya yana ƙara kashe tsoka. Maganin tari mai kodin, taramol da ƙwayoyin barci, kada su kusance ta sai da sanin likita, domin suna danne numfashi. Idan haki ya hana ta ƙarasa magana, ko leɓe ya canza launi, ko lambar ta tsaya ƙasa da 88, ko ta fara barcin nan da sambatu, a tafi asibiti a lokacin, ko ƙarfe nawa ne.

Ban ga Inna ba, ban saurari ƙirjinta ba, ban ga hotonta ko sakamakon gwajinta ba, don haka likitan da ke duba ta shi ne mai maganar ƙarshe, kuma yana iya sa mata wani awo daban saboda dalilin da ya gani. Idan kuka koma ganinsa, ki tambaye shi ko an taɓa yi mata gwajin hura iska da ke tabbatar da ciwon, don asma da ciwon zuciya da tabon tibi suna kama da shi. Sannan ki roƙe shi ya rubuta muku 'yar takarda da sa hannunsa, cewa tana da COPD, kabon ya taɓa taruwa mata har aka sa mata inji, a riƙe oksijin ɗinta tsakanin 88 da 92. Ku sa ta a leda a cikin jakarta, kowannenku kuma ya ɗauki hotonta a waya, duk asibitin da kuka shiga ita za ku fara miƙawa. Ki gaishe mini da Inna da jiki.